Hoton Kitson Amira

"Oga, ɗaga haɓa. Madam, hannu a kafaɗa. A'a, ba wannan hannun ba, ɗayan."

Solomon mai hoto ya ja da baya, ya runtse ido ɗaya, ya sake dawowa ya gyara wa Ɗanjuma hula. Tun farko ya rataye ƙyallensa a jikin bango, wanda aka zana wa dogon bene da jirgin sama, don ya rufe tukwane da igiyar shanya. Gaban ƙyallen ya ajiye kujera. A kan kujerar Ɗanjuma tela ne, cikin babbar rigar da ya ɗinka wa kansa bara, wadda yanzu mutum biyu irinsa za su shige ta. Matarsa Rekiya na tsaye a bayansa. Babbar 'yarsu Yelwa ta durƙusa a gefe kamar yadda aka umarce ta. Saura ƙaramar, Amira, 'yar shekara uku, wadda aka ce uwarta ta riƙe, ita kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Tana ta miƙa, tana zillo, tana kiran Baba.

"Madam, riƙe ta mana," in ji Solomon. "Namiji ba ya riƙe yaro a hoto. Yau Sallah ce, gidaje da yawa na jira na."

Asibi, mai gidan da suke haya, tana leƙe ta kan guntuwar katangar da ta raba tsakar gidansu da nata. Ta ajiye gatarinta ta ce, "Ba shi yarinya, Solomon. Ba ta san hannun kowa ba sai nasa."

Gaskiya ta faɗa, amma ba kowace gaskiya ake so a ji ranar Sallah ba. Fuskar Rekiya ta canza. Ɗanjuma bai juya ba, bai sauke haɓa ba. Ya zura hannu cikin aljihu, ya ɗebo gyaɗa, ya miƙa ta bayan kujera inda kyamara ba ta gani. Amira ta yi shiru tana tauna. Solomon ya danna. Da ya sauke ƙyallensa ya tafi, sai da Rekiya da Asibi suka kama Ɗanjuma kafin ya iya tashi.

Shekarun da gwamnati ke kwashe kayanta daga Legas zuwa Abuja ke nan. Manya sun sami gidaje a cikin birni, ƙananan ma'aikata kuwa aka bar su su nema wa kansu. Haka Dutsen Alhaji ya cika da baƙi. Asibi Bagwariya ce, a nan aka haife ta, a nan mijinta ya mutu ya bar mata gonar doya. Da ta ga mutane na yawo da katifu suna tambayar ɗaki, sai ta yanki gefen gonar ta gina ɗakuna biyu. Rekiya ce ta fara kama su. Mai buga tafireta ce a wata ma'aikatar tarayya, aka ce ta bi ma'aikatar zuwa Abuja ko ta ajiye aiki. Mijinta ya rufe shagonsa na Agege a Legas, ya ɗaure keken ɗinkinsa, ya biyo ta.

A Dutse ɗinki bai yi yawa ba. Rekiya kan fita kafin gari ya gama wayewa don ta kama bas ɗin ma'aikata, ba ta dawowa sai magariba ta kawo kai. Tsakanin nan kuwa akwai ruwa da za a ɗebo, akwai wuta da za a hura, akwai yara biyu da za a wanke a ciyar. Ɗanjuma ya yi duka. Ya yi daka, ya yi tankaɗe, ya goya Amira da zanen uwarta yana taka keke. Har kitso ya iya, don yatsun tela ba sa rasa hanya, kuma shukun da yake yi wa Yelwa ya fi na matan layin kyau.

Mazan layin suka sa masa suna mijin Hajiya. Su ne dai mazan da ke wuni gindin mangwaro suna dara, 'ya'yansu na yawo da majina har baki. Babu ɗaya cikinsu da ya san inda ake ajiye gishiri a gidansa, kuma suna ɗaukar wannan jahilci abin alfahari. Asibi ma ta yi masa dariya a watan farko. Ta daina ranar da ta kwanta zazzaɓi, ya aiko Yelwa da kunu mai tsamiya, ta sha ta ji bai da maraba da na uwarta. Daga nan ta koma ajiye masa busasshen itace mai kyau in ta sauke daga kafaɗa, shi kuma yana face mata zannuwa. Yana ce mata Mama, tana ce masa Tela.

Kowace Babbar Sallah sai an yi hoto, an aika Keffi wurin danginsa. A kowane hoto Ɗanjuma na zaune, hannuwa a kan gwiwa, Rekiya na tsaye a baya kamar mai jiran a aike ta. Rekiya ce ta dage a kan haka, ba shi ba. Tana so mutanen Keffi su ga ɗansu maigida ne. Hoto ya iya ƙarya, kuma mutane sun fi biyan kuɗinsa in ya yi ta.

Ciwon ya fara tun kafin azumi. Ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, sauran jiki ya zube. An je asibiti, an yi gwaje-gwaje, an ce hanta ce, an ba shi magani an ce ya koma gida ya huta. Kowa ya gane ma'anar wannan hutun, har shi.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki, Asibi ta shigo da hantsi ta same shi zaune a ƙofar ɗaki, ya jingina da bango, tsofaffin hotunan Sallah a baje kan tabarma. Amira na barci a cinyarsa.

"Mama, zo ki duba min. Wane ne wannan?"

"Kai ne mana. Ciwo ya taɓa ido?"

"Na nuna wa Amira jiya, na ce ina Baba? Ta dudduba, ta ce babu. Na nuna mata da yatsa, ta ce wannan Alhaji ne." Ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya ce, "Yelwa ta girma, za ta tuna ni. Wannan ba za ta tuna ba. In ta yi wayo ta ce a nuna mata ubanta, wannan Alhajin za a ba ta. Ni kuwa ban taɓa zama haka a gidan nan ba, ke shaida ce."

"To me kake so?"

"Ki kira min Solomon ranar da ba Sallah ba. Ya ɗauke ni ina yi mata kitso. Guda ɗaya tak, a ajiye mata."

Asibi ta dube shi. Ta ce, "Madam ya sani?"

Hausar Asibi ba ta damu da raba mace da namiji ba, duk layin sun saba.

"Ke za ki fara gaya mata. Ni in na fara, kuka take yi, sai maganar ta lalace."

Da yamma Asibi ta tare Rekiya a bakin hanya, inda bas ke sauke su, ta karɓar mata leda, ta faɗa mata ba tare da kewaye-kewaye ba. Rekiya ta tsaya cak cikin taɓo da takalmin ofis.

"A'a, Mama. Wannan kam a'a."

"Don me?"

"Hoto ba ya zama wuri ɗaya. Yau yana cikin akwati, gobe yana Keffi. Kin san abin da za su ce? Za su ce na kai ɗansu Legas na mai da shi mace, na kawo shi Abuja na ƙarasa shi. Shekara da shekaru ina rufa masa asiri, sai yanzu da ya kwanta zan buɗe?"

"Wane asiri? Sata ya yi?"

"Ba ki san su ba."

"Na san shi, na san kai. Asirin wa kake rufewa, Maman Yelwa? Nasa ko naka?"

Rekiya ta karɓe ledarta ta yi gaba. Kwana da kwanaki ba ta gaida Asibi sai da ka. Maganar ta yi kaifi, kuma ba adalci ba ne duka, don matar da ke fita da duhu ta dawo da duhu don a ci abinci ba ta cancanci a soke ta a bakin hanya ba. Asibi ta san haka. Amma tana kuma ganin yadda cokali ya fara rawa a hannun Tela, ta san in aka ƙara jira, ba hannun da zai yi kitson.

Wata safiya bayan bas ya tafi, ta leƙa ta katanga ta ce, "Yau ne ko babu."

"Na yi mata magana da kaina," in ji Ɗanjuma. "Ta ce in na yi, kada ta gani."

"Wannan ba a'a ba ne."

Ta samo Solomon a rumfarsa kusa da kasuwa, ta tasa shi gaba. Yana shiga ya fara warware ƙyallensa mai bene.

"Nannaɗe abinka," in ji Asibi.

"Mama, tukwane za su fito. Ga turmi, ga wanki."

"Su fito. Nasu ne."

"To Oga ya sa riga, a kawo kujera."

"Haka za ka ɗauke ni, Solomon," in ji Ɗanjuma. Yana zaune kan 'yar kujerar tsugunno, da singileti da zane, Amira a ƙasa tsakanin gwiwoyinsa. Ya juya mata baya ga rana, ya ɗora mata murfin kwano cike da gyaɗa a cinya don ta zauna lafiya. Yelwa, wadda ba ta je makaranta ba ranar, tana tsaye riƙe da gwangwanin man kaɗe.

Solomon ya dubi Asibi, ya dubi Ɗanjuma, ya sauke murya. "Oga, ni ba na son a ce na yi maka wulaƙanci. In mutum ya ga wannan ya ce wa ya ɗauka, sunana za a kira. Wannan ba hoto ba ne, ɓarnar fim ce."

"Fim ɗinka ya sha ƙarya ya ƙoshi," in ji Asibi. "Ba shi ruwa kaɗan."

"To aƙalla ku dubo ni. Kowa ya dubo nan, in ce redi."

"Kar ka ce komai," in ji Ɗanjuma. "Ka tsaya can. In ka ga mun manta da kai, ka danna."

Ya sa tsinke ya tsaga gashin, ya lakato mai ya shafa a tsagar. Da farko yatsunsa suna karkarwa, sai a hankali suka kama hanya. Amira ta fara ba shi labarin wata akuya da ta ci mata masara, yana amsawa, "Haba? Ita akuyar? Ba ta da kunya." Ya sunkuya ya hure mata wani abu a kunne, ta maƙale wuya tana dariya, Yelwa ma ta fashe. Babu wanda ya ji ƙarar kyamarar sai Asibi.

Layi huɗu ya iya. Gumi ya jiƙe shi, ya jingina da bango ya rufe ido. Asibi ta ja yarinyar gabanta ta ƙarasa sauran, nata bai yi kyan nasa ba, kowa na iya ganin inda aka canza hannu.

"Yaushe zai fito?" ta tambayi Solomon a waje.

"Sai fim ya cika. Na Sallah ma yana ciki, sabon fim na sa ranar da yamma. Ba a wanke rabi, Mama. In ya cika in ba direba ya kai Kaduna, can ake wanke mai kala."

"Saura nawa?"

"Da saura. Damina ce, babu biki."

Ɗanjuma ya ce ba komai, ba shi ke son gani ba, na Amira ne. Asibi ba ta yarda ba. Washegari ta shiga layi gida-gida tana yi wa Solomon talla. Ta gaya wa mai shayi cewa uwarsa a ƙauye ta manta kamanninsa. Ta gaya wa wata amarya cewa kyau ba ya jira, ta adana shi tun yana nan. Ta je gindin mangwaro ta ce wa masu dara tunda ba su da abin yi, su tashi a ɗauke su tsaye, don a samu shaidar suna da ƙafafu. Biyu suka tashi. Ita kanta, da ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba tunda aka haife ta, ta ɗaura zanen coci ta zauna gaban benen Solomon, fuska a murtuke kamar za a yi mata allura. Da ya ce har yanzu da sauran ɗaya, ta jawo akuyarta.

Fim ya tafi Kaduna. Ɗanjuma bai jira dawowarsa ba.

A kwanakin ƙarshe Rekiya ta ɗauki hutu ta zauna da shi. Asibi ta shigo da faten doya wata rana da hantsi, ruwa na yayyafi a kan kwano, ta same su yana magana a hankali, tana riƙe da hannunsa.

"Amira ba ta cin kuɓewa, kar ki tilasta mata, amai take yi. Yelwa in ta yi shiru da yawa, kunnenta ne, ki duba na hagu. Gishiri yana gwangwanin madara, ba na shayi ba, na shayi kanwa ce. Mai ruwa zai ce miki jarka ta cika, ki leƙa."

"Baban Yelwa, ka bari. Za ka tashi ka yi da kanka."

"To. Amma ki leƙa jarkar."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta ɗago ta ga Asibi a bakin ƙofa, ta ce, "Mama, shigo mana, kina jiƙewa." Wannan ce magana ta farko mai taushi da ta yi mata tun ranar bakin hanya.

Kafin azahar ya fara salati, Rekiya na taya shi. Asibi ta ɗauki Amira ta fita da ita, ta kai ta ganin akuya. Tana can ta ji kukan Yelwa.

Aka yi masa sutura, aka kai shi kafin la'asar. Masu darar nan su suka ɗauki makara, kuma sun ɗauka da kyau, wannan kam ba za a hana musu ba. Washegari dangi suka iso daga Keffi, wansa Ɗanladi a gaba, dogon mutum mai sayar da hatsi, wanda ya yi kuka na gaske a bakin kabari, don yana son ƙaninsa. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, maza suka zauna karɓar gaisuwa. Rekiya ta shiga takaba, tana cikin ɗaki bayan labule. Asibi ta kafa murhu a nata ɓangaren tana dafa wa baƙi.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa addu'a, Solomon ya shigo da ambulan a hannu. Asibi na tuƙa tuwo, ta hango shi ta katanga, ta buɗe baki za ta kira shi. Ta makara. Solomon bai taɓa miƙa wa mace hoto ba in akwai namiji zaune a gidan, haka ya koyi aikin. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya tambayi wane ne babba, ya miƙa wa Ɗanladi ambulan da hannu biyu.

Asibi ta bar muciya a tukunya ta zagayo.

Ɗanladi ya zaro na farko, na Sallah. Ya daɗe yana kallo, ya share ido. "Allahu akbar. Dubi yadda ya rame, amma dubi zama. Ɗan gidanmu ke nan." Ya miƙa wa na kusa da shi, aka shiga zagayawa da shi. Ya zaro na biyu.

Wannan bai miƙa wa kowa ba. Ya kifa shi a gwiwa, ya dubi Solomon.

"Wa ya sa ka?"

"Shi marigayi, Alhaji. Wallahi na ce masa..."

"Ni na kira shi," in ji Asibi.

Ɗanladi bai kalle ta ba. Ya girgiza ambulan, 'yan guntayen fim suka faɗo tafinsa, waɗanda da su ake sake wanko hoto. Ya ɗaga su sama ya gane wanne ne, ya haɗa shi da hoton a hannu ɗaya. "Mutum yana ciwon ajali, hankalinsa ba ɗaya ba, a zaunar da shi cikin tukwane da zane kamar ɗan daudu, a ɗauke shi? Don a yi dariya bayan ransa? Wannan ba zai kwana ba."

"Hankalinsa ya fi na kowa a nan," in ji Asibi. "Ba naka ba ne, Alhaji. Na yarinya ne. Shi ya ce."

"Baiwar Allah, mun gode da tuwo. Wannan maganar gida ce."

"Ni ma gida ne. Kai ka zo da mota, ni ina nan kullum. Abin da ke cikin takardan nan, shi nake gani kowace safiya ta katanga."

Masu darar suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ke cikin hoton ko ba su gani ba. Ɗanladi ya kama hoton da yatsu huɗu, ya fara lanƙwasa bakinsa. Asibi ta tsaya inda take. Ba danginsu ba ce, ba addininsu ɗaya ba, kuma ba za ta yi kokawa da namiji a gidan makoki ba.

"Yaya."

Muryar daga bayan labule ta fito. Hannu ya biyo ta, tafi a buɗe.

"Yaya, a ba ni."

"Rekiya, ba ki san abin da ke ciki ba. Gara kar ki gani."

"Na sani. Ni na ce kada a nuna min. Yanzu ina so."

"Mutuncinsa nake karewa."

"Ni ma shi na yi ta karewa, Yaya, na aiko muku da shi duk Sallah. Ku tafi da wannan, ku rataye, ya yi kyau. Amma duk tuwon da 'ya'yan nan suka ci, shi ya tuƙa. Duk kitson da kuka gani a kan Yelwa kuka ce na iya, ban taɓa iyawa ba. Ni ina can ina buga takarda, shi ya riƙe gidan nan, bai taɓa yi min gori ba, bai taɓa jin kunya ba. Ni ce na ji masa. Abin da ya bar wa 'yarsa ke nan. A ba ni."

Hannun bai koma ba. Ɗanladi ya dubi hannun, ya dubi mazan da ke zaune, babu wanda ya ɗago ya taya shi. Ya juya hoton ya sake kallo, wannan karon ya daɗe. Leɓensa ya motsa.

"Haka yake dariya tun yana yaro," ya ce, kamar da kansa yake. "Har a ga dasashi."

Ya miƙe, ya taka har bakin ƙofa, ya sa hoton da guntun fim ɗin a tafin. Labule ya rufe. Ya koma ya zauna, ya ce a kawo masa ruwa.

Baƙi suka watse washegari. Gidan ya koma shiru, keken ɗinki na gefe an lulluɓe shi da zane. Asibi ta ci gaba da ajiye itace a bakin katanga, ba ta shiga sai an kira ta.

Wata safiya da rana ta fito bayan ruwa, ta ji muryar Amira tana ƙorafi, ta leƙa. Rekiya na zaune kan 'yar kujerar tsugunno cikin mayafin takaba, yarinyar a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Ta jingina hoton da randa, daidai inda za ta riƙa gani. Ta juya wa yarinyar baya ga rana. Tsagar farko ta karkace, ta tsefe, ta sake.

"Da zafi," in ji Amira. "Baba ba ya ja."

"Yi haƙuri. Yelwa, yaya yake riƙe tsinken?"

Yelwa ta sunkuya kan hoton, ta dawo ta gyara wa uwarta yatsu. Amira ta miƙa hannu ta dangwala yatsa mai maiƙon gyaɗa a fuskar da ke ciki.

"Ga Baba," ta ce.

Rekiya ta goge wurin da bakin mayafinta, ta lakato mai, ta fara layi na biyu.